Sinadarin Da Ke Matse Hanyoyin Jini

Duk manomin da ya taɓa ban ruwa da inji a fadama ya san wannan. Idan ya sa babban yatsa ya danne bakin mesa, ruwa zai fito da ƙarfi ya yi nisa. Idan ya ɗaga yatsan, ruwa ya koma gudu a hankali. Ruwan bai ƙaru ba, injin ma shi ne dai na ɗazu. Hanyar ce ta ƙuntata.

Haka abin yake a jikin ɗan Adam. Zuciya ita ce injin, hanyoyin jini kuma su ne mesa. Sai dai su hanyoyin jini ba sa jiran yatsa daga waje. Da kansu suke tsukewa, da kansu suke saki, dare da rana, gwargwadon bukatar jiki. Idan suka tsuke suka ƙi saki, jini zai riƙa tafiya da matsi, zuciya ta riƙa wahala. Wannan yana cikin manyan dalilan ciwon hawan jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun mutane fiye da biliyan 1.

To, mene ne ke ba hanyar jini umarnin ta tsuke? Abubuwa ne da dama, amma akwai guda da ya fi saura ƙarfi. Masana suna kiran sa endotelin.

Yadda hanyar jini take

Idan aka yanka hanyar jini aka duba ta da madubin likita, za a ga tana da hawa-hawa. A tsakiya akwai tsoka wadda ta naɗe ta kamar zobe. Ita ce ke tsukewa da saki. Daga can ciki kuma, inda jini ke gogawa, akwai wata shimfiɗa mai santsi, kamar shafin babbar riga. Shimfiɗar nan ba ta da kauri ko kaɗan, jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta.

Shekara da shekaru likitoci sun ɗauka aikin wannan shimfiɗa bai wuce ta sa jini ya wuce sumul ba. A shekarar 1980 wani masani a birnin New York na Amurka, mai suna Robert Furchgott, ya nuna ba haka ba ne. Yana gwaji da hanyar jinin zomo, sai ya lura cewa idan an kankare shimfiɗar, maganin da ya saba sa tsokar ta saki ya daina aiki. Ashe shimfiɗar ce ke aika wa tsoka saƙon ta saki. Daga baya aka gane saƙon wata iska ce da ake kira naitirik oksaid. Saboda wannan aiki aka ba shi da wasu masana biyu kyautar Nobel a 1998.

Tun da shimfiɗar tana da saƙon saki, masana suka ce lallai a duba ko tana da na tsukewa.

Gano endotelin

A Jami'ar Tsukuba ta ƙasar Japan akwai wani ɗalibin likita mai neman babban digiri, sunansa Masashi Yanagisawa, yana aiki a ƙarƙashin Farfesa Tomoh Masaki. Shi da abokan aikinsa suka ɗebo ƙwayoyin shimfiɗar nan daga babbar hanyar jinin alade, suka rene su a ɗakin gwaji, suka yi ta tace ruwan da ƙwayoyin ke zaune ciki har suka ware sinadarin shi kaɗai. Suka bayyana wa duniya sakamakon a 1988.

Shi dai endotelin ɗan ƙaramin abu ne. An gina shi da tubala 21 a jere, kamar duwatsun ado a zare. Amma ɗan mitsitsi daga cikinsa ya isa ya sa hanyar jini ta tsuke, kuma idan ta tsuke takan daɗe ba ta saki ba. Da aka yi wa ɓera allurarsa, jininsa ya ɗan sauka na ɗan lokaci, sannan ya hau ya zauna a sama fiye da awa guda. Wannan saukar ta farko ta ɗaure wa masana kai, sai daga baya aka gane dalilinta.

A 1989 aka gano cewa iri uku ne, aka sa musu lamba 1 da 2 da 3. Na ɗaya shi ne ya fi yawa a hanyoyin jini, kuma shi ne aka fi nufi idan ana maganar cuta.

Wani abin mamaki shi ne, akwai maciji mai dafi irin wannan. Ɗan baƙin maciji ne mai zama cikin ƙasa, ba a cika ganinsa ba sai da dare ko bayan ruwan sama. An fara binciken dafinsa a kan wanda ake samu a ƙasar Isra'ila, aka tarar yana da sinadari mai tubala 21 da ya yi kama da endotelin ƙwarai, wanda ke tsuke hanyoyin jinin zuciya. 'Yan uwan wannan maciji suna nan a sassa da yawa na Afirka, har da Nijeriya. Yana da wata dabara: yakan zaro haƙorinsa ta gefen baki ya soki mutum ba tare da ya buɗe bakin ba. Saboda haka kama shi ta bayan kai, kamar yadda ake kama wasu macizai, ba ya hana shi sara.

Kwaɗuna biyu, mabuɗi ɗaya

Sinadari irin wannan ba ya aiki a kan kowane abu da ya tarar. Sai ya sami wurin da aka tanada masa a jikin ƙwayar halitta, ya shiga daidai wa daida, kamar mabuɗi a cikin kwaɗon ƙofa. Da ya shiga, sai ƙwayar ta karɓi umarni ta yi aiki. A 1990 wasu ƙungiyoyin masana biyu a Japan suka gano cewa endotelin yana da kwaɗuna iri biyu. Aka sa wa ɗaya suna A, ɗayan kuma B. Duk labarin cuta da magani a kan waɗannan biyu yake.

Kwaɗon A yana zaune ne a jikin tsokar da ta naɗe hanyar jini. Idan endotelin ya buɗe shi, sinadarin kalsiyam zai ƙaru a cikin ƙwayar tsoka, tsokar ta tsuke. Mabuɗin kuwa idan ya shiga ba ya fita da wuri, shi ya sa tsukewar ke daɗewa. Bayan wannan, kwaɗon A yana umartar ƙwayoyin tsoka su yi ta hayayyafa, yana kuma sa a yi ta tara tabo. Idan aka daɗe a haka, bangon hanyar zai yi kauri ya yi tauri, ramin cikinta ya ƙanƙance.

Kwaɗon B kuma aikinsa ya sha bamban. An fi samunsa a jikin ita shimfiɗar. Idan endotelin ya buɗe shi, shimfiɗar za ta saki iskar nan ta naitirik oksaid, tsoka ta saki. Wannan shi ne dalilin saukar jinin ɓeran nan da farko. Har ila yau kwaɗon B yana kama endotelin da ke yawo a jini ya shigar da shi ciki a lalata shi, musamman a huhu, don haka ba ya wuce 'yan mintoci a cikin jini. A ƙoda kuma, kwaɗon B yana taimakawa wajen fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Akwai kuma kaɗan daga kwaɗon B a jikin tsoka, wanda shi ma yake sa ta tsuke.

Wato dai mabuɗi ɗaya ne, amma abin da zai faru ya danganta da ƙofar da ya buɗe. A jikin mai lafiya, ɓangarorin biyu suna tafiya daidai, kamar shanun huɗa da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Matsala takan faru idan shimfiɗar ta lalace, ta rage yin iskar saki, ta ƙara yin endotelin. Abubuwan da aka san suna jawo haka sun haɗa da shan taba, ciwon suga, ƙiba mai yawa, yawan kitse a jini, da ƙarancin iska a jiki. Tsufa ma yana taka rawa.

Hawan jinin huhu

Cutar da aka fi tabbatar da hannun endotelin a cikinta ita ce hawan jinin huhu. Wannan daban yake da hawan jinin da ake aunawa a dantse. Hanyoyin jinin da ke cikin huhu ne ke tsukewa su yi kauri, sai ɓangaren dama na zuciya, wanda ke tura jini zuwa huhu, ya yi ta fama har ya gaji. Mai ciwon yakan fara da haki idan ya ɗan yi tafiya ko ya ja guga a rijiya. Daga nan sai kasala, jiri, suma, da kumburin ƙafafu. Ya fi kama mata. Wani ƙidayar marasa lafiya da aka wallafa a Amurka a 1991, kafin zuwan magungunan yanzu, ya nuna rabin masu irin wanda ba a san sanadinsa ba suna rasuwa kafin shekara uku da gano ciwon. A 1993 masana a Kanada suka nuna cewa huhun irin waɗannan marasa lafiya cike yake da endotelin.

Ciwon ba shi da yawa a cikin jama'a, amma wasu cututtukan da aka sani a karkara suna jawo shi. Ɗaya ita ce tsargiya, musamman irin wadda ke kama hanji da hanta, wadda ake ɗauka wajen wanka da su a tafki ko madatsar ruwa. Ƙwayayen tsutsar sukan bi jini su maƙale a huhu, kuma ana lissafa ta cikin manyan dalilan hawan jinin huhu a duniya. Cutar ƙanjamau ma tana jawo shi.

Sai kuma amosanin jini, wato sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da shi. A jikin mai sikila ƙwayoyin jini suna fashewa da wuri, abin da ke fita daga cikinsu kuma yana cinye iskar saki. A lokaci guda endotelin yana ƙaruwa, musamman idan ciwon ya tashi. Wannan yana daga cikin abin da ke taɓa huhu da ƙodar masu sikila idan sun girma.

Ƙoda, gishiri da masu ciki

An yi gwaji da ɓerayen da aka hana wa ƙodarsu amfani da endotelin ko kwaɗon B. Da aka ba su abinci mai gishiri da yawa, suka kasa fitar da shi yadda ya kamata, jininsu ya hau sosai. Wannan ya nuna cewa hanyar nan tana cikin abin da jiki ke kare kansa da shi daga yawan gishiri. Kwaɗon A kuwa, idan aikinsa ya yi yawa a ƙoda, yana lalata matatar da ke cikinta, har sinadarin gina jiki ya riƙa zuba cikin fitsari, fitsarin ya riƙa kumfa. Ana ganin haka a ciwon ƙodar masu suga da wasu cututtukan ƙoda.

Haka kuma an sami endotelin da yawa a jinin mata masu hawan jini na goyon ciki, wanda idan ya yi tsanani yake kai wa ga jijjiga. A nan mabiyiya ce ke sakin abubuwan da ke lalata shimfiɗar hanyoyin jinin uwa.

Aikinsa tun a cikin mahaifa

A 1994 aka gano wani abu da ba a zata ba. Ɓerayen da aka haifa ba su da endotelin na ɗaya sun zo da muƙamuƙi da maƙogwaro a lalace, suka mutu da haihuwa. Waɗanda ba su da kwaɗon B ko endotelin na uku kuwa sun zo da dabbare-dabbaren fari a jiki, hanjinsu kuma a toshe. Dalili shi ne, lokacin da ake halittar ɗa a ciki, ƙwayoyin da za su zama launin fata da waɗanda za su zama jijiyoyin saƙo na hanji sai sun yi tafiya daga gadon baya zuwa mazauninsu, kuma kwaɗon B yana cikin masu yi musu jagora. Irin wannan yana faruwa ga wasu dawakin Amurka: a haifi ɗan doki fari fat, ya kasa kashi, ya mutu cikin 'yan kwanaki.

Mutane ma suna da irin wannan ciwo. Ana kiran sa ciwon Hirschsprung, sunan likitan ƙasar Denmak da ya bayyana shi a 1886. Yakan sami kamar jariri 1 cikin 5,000, kuma ya fi yawa ga maza. Ƙarshen hanjin jaririn ba shi da jijiyoyin saƙo, saboda haka ba ya iya tura kashi. Abubuwan gado da yawa ne ke jawo shi, matsalar kwaɗon B ɗaya ce daga ciki. Alamarsa ita ce jariri ya kwana biyu bai yi baƙin kashin nan na farko ba, cikinsa ya kumbura, ya riƙa amai kore. Ana warkar da shi da tiyata, a cire guntun hanjin da ba ya aiki.

Magungunan toshe kwaɗo

Da aka san kwaɗunan, sai aka shiga neman maganin da zai toshe su, kamar a cusa tsinke a ramin kwaɗo don kada mabuɗi ya shiga. Wata likitar yara 'yar Faransa mai suna Martine Clozel, da ke aiki a birnin Basel na Suwizalan, tana cikin waɗanda suka jagoranci samar da maganin bosentan, mai toshe A da B. Amurka ta amince da shi a 2001, ya zama maganin haɗiya na farko na hawan jinin huhu. Ambrisentan, wanda ya fi toshe A, ya biyo baya a 2007, sai macitentan a 2013. Ba sa warkar da ciwon, amma suna rage haki, suna jinkirta tsanantarsa.

A 2022 Japan ta amince da clazosentan don hana hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa tsukewa bayan wata ta fashe. A 2023 da 2025 Amurka ta amince da sparsentan da atrasentan don wani irin ciwon ƙoda. A 2024 kuma aka amince da aprocitentan don masu hawan jinin da ya ƙi sauka duk da shan wasu magunguna. A babban gwajinsa, ya sauke jini da kimanin maki 4 fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta.

Ba ko'ina aka yi nasara ba. An gwada irin waɗannan magunguna ga masu gazawar zuciya, ba su taimaka ba, wasu ma ruwa ya taru a jikinsu. An gwada su ga masu sankarar mafitsara ta maza, ba su ƙara musu kwana ba. Wani mai suna sitaxentan an janye shi daga kasuwa a 2010 saboda yana lalata hanta. Ga masu sikila kuwa, har yanzu ba su shiga cikin magungunan yau da kullum ba.

Illolinsu daga aikin kwaɗunan suke fitowa. Tun da endotelin yana da hannu wajen fitar da gishiri da ruwa, toshe hanyarsa kan kawo kumburin ƙafa. Yakan kuma rage ƙarfin jini. Mai shan bosentan sai an riƙa auna lafiyar hantarsa kowane wata. Mafi girma duka, tun da endotelin yana aikin ginin fuska da zuciyar ɗan tayi, an haramta waɗannan magunguna ga mai ciki, kuma ana yi wa mace gwajin ciki kafin a fara ba ta. Bosentan yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Don haka ba magungunan da za a saya a kemis ko hannun mai talla ba ne. Ƙwararren likita ne kaɗai ke rubuta su, bayan gwaje-gwaje.

Abin da mai karatu zai riƙe

Waɗannan magunguna suna da tsada, kuma mafi yawan masu hawan jini ba sa bukatarsu, domin magungunan da ake bayarwa a asibitocin karkara suna aiki idan an sha su kullum. Abin da ke hannun kowa shi ne kula da shimfiɗar hanyoyin jininsa tun ba ta lalace ba.

A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen ɗanɗano da kanwa su ma suna ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, sai a lissafa da su. A bar taba. Wanda aikinsa na zama ne ya riƙa tafiyar ƙafa, domin motsa jiki yana sa shimfiɗar ta ƙara yin iskar saki. Mai ciwon suga ya riƙe maganinsa.

Idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin tsargiya a makaranta ko a gari, a bar yara su sha. Mai sikila da ya fara haki fiye da yadda ya saba ya gaya wa likita. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, idan kuma ta ga kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, a kai ta asibiti a ranar. Jaririn da ya kwana biyu bai yi kashi ba, cikinsa ya kumbura, kada a tsaya yi masa ɗure ko jiƙe-jiƙe a gida.

Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, har sai ya shanye wa mutum ɓarin jiki ko ya kashe masa ƙoda. Awonsa ba ya cin minti biyar. Idan an auna a ranaku daban-daban aka ga ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, to lokacin ganin likita ya yi. Duk magidancin da ya shiga gari ranar kasuwa, ya daure ya biya ta asibiti ya miƙa hannu a auna shi, wani makon kuma ya kai uwargida.